Yadda za ka daidaita farfela da injin kwale-kwalenka

Jama'a masu jirgi a Tiga da bakin kogin Haɗeja, ku daina saka farfela da ka. Fara duba littafin injin, akwai adadin juyin da ake so ya kai in an buɗe mai gaba ɗaya, Yamaha 40 ɗin nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai tsakanin 4500 ne zuwa 5500 a minti.

To ka loda jirgin yadda ka saba, buhuna da fasinja duka, ka buɗe wuta ka duba mitar da ke nuna juyin injin. In injin bai kai adadin nan ba farfelar ta yi masa nauyi, yana ta gurnani yana shan mai a banza, sai ka rage fici, wato nisan da farfela ke ci gaba a juyi ɗaya, wanda ake aunawa da inci. In ya wuce ka ƙara. Inci ɗaya na canza juyi kamar 150 zuwa 200.

Maganar canza kamshaf don ƙarin ƙarfi kuwa, inji mai haɗin baƙin mai ba shi da ita sam, sai fo-sitirok, wato injin da ba a haɗa masa fetur da baƙin mai. Kamshaf sanda ce da ke buɗe bawul, wato ƙofofin shigar mai da fitar hayaƙi, kuma wadda ke barin bawul ya daɗe a buɗe sai a babban juyi take ba da ƙarfi, a ƙaramin juyi injin ya yi laƙwas. Mai dakon kaya wallahi ka bar ta kamfani, farfela kawai za ka taɓa.