Mai son karanta ilimin homon bayan digiri, ga yadda ake bi

Ƙannena na Garwa da Marwa da ke ta tambayata yadda ake zama likitan suga da maƙoƙo, wato endokirinoloji, ilimin homon, sinadaran da ƙullutan jiki ke saki cikin jini, bari in amsa muku gaba ɗaya.

Da farko ka san hanya biyu ce kuma ba sa kai mutum gida ɗaya. In kana son duba majiyyaci ka rubuta masa magani, sai ka gama likitanci tukuna, shekara 7 ne a Kamaru, sannan ka zana konkur na ƙwarewa, wato jarrabawar neman gurbi, a Jami'ar Yawunde 1, ko ka kai dosiyenka Dakar. In Turancinka da ƙarfi akwai Najeriya, asibitocin koyarwa na Maiduguri da Kano, amma can sai ka yi rajista da hukumar likitocinsu ka ci jarrabawar farko ta kwalejin ƙwararru, ka fara da cututtukan ciki kafin ka ware. Wanda kuwa ya karanta bayoloji ko bayokemistiri a Ngaundare, hanyarsa mastar ce sai doktora, aikinsa dakin gwaji da koyarwa, ba zai zauna duba marasa lafiya ba, gara ya sani tun yanzu.

Kafin konkur ka koma wa fisiyoloji, dan Allah ba haddar aku ba. Ka gane yadda ƙullutun pituwitari da ke ƙasan ƙwaƙwalwa ke ba sauran ƙullutan homon umarni su kuma su mayar masa da amsa. In ka fahimci dalilin da ya sa TSH, homon da pituwitari ke aika wa ƙullutun wuya mai suna tayiroyid, ke hawa idan tayiroyid ya yi kasala, rabin karatun ya zo hannu.

Inda na fi so ku ji ni shi ne zaɓen maudu'in memuwar, wato kundin binciken kammala karatu. Kar ka kwaso abin da ya dami Faransa alhali ga namu a ƙofar gida. Insulin da aka gano a Toronto tun 1921 ana son a ajiye shi tsakanin digiri 2 da 8, mu kuwa a Maris da Afrilu zafin Garwa na haura 40 ga ɗauke wuta, na ga wata tsohuwa ta naɗe kwalbarta a leda ta sa cikin ƙaramin tulu a kan jiƙaƙƙen yashi, wallahi wannan kaɗai bincike ne, a auna a ga sanyin ya kai nawa. Ga azumin mai suga, wa zai ɗauka wa zai bari. Ga gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sugan jini na 'yan watannin baya, da ke yaudara a jikin mai sikila. Ga matan da suka zubar da jini sosai wajen haihuwa, nono ya ƙi zuwa, al'ada ta ɗauke, kasala ta yi musu katutu shekara da shekaru ana cewa iska ce ko sammu, alhali ciwon Sheehan ne, pituwitari ne ya lalace kuma akwai magani.

Malamin da zai duba aikinka ka neme shi da wuri, ka karanta abin da ya rubuta kafin ka je gaishe shi. Karanta ayyukan Farfesa Jean Claude Mbanya, ɗan ƙasarmu ne da ya shugabanci ƙungiyar ciwon suga ta duniya daga 2009 zuwa 2012. Kuma ka gyara Turanci ko da Faransanci ka taso, yawancin mujallun fannin da shi suke fitowa. Takardun dosiye kuwa, ka fara kai su a buga hatimi tun watanni kafin a buɗe konkur.