Yadda Ake Haɗa Tapa, Naman Karin Kumallon Filifin

A ƙasar Filifin ana karya kumallo da tapa, naman sa da aka tsuma da gishiri da kayan ƙamshi, a haɗa shi da soyayyiyar shinkafa mai tafarnuwa da soyayyen ƙwai. Tocino da longganisa kuwa, wasu nau'o'in naman karin kumallonsu, galibi da naman alade ake yin su, don haka tapa ce ta dace da gidajenmu.

Idan an sayo tsoka rabin kilo ranar kasuwar Wudil, a sa mahauci ya yanka ta falle-falle kamar zai yi kilishi. A cuɗe naman da gishiri, da sukari cokali ɗaya, da dakakkiyar tafarnuwa, da masoro, da ruwan lemun tsami a madadin kalamansi, wani ƙaramin lemu mai tsami da suke amfani da shi a can. Da yake yawancin gidajen ƙauye ba su da firji, kada a bari ya kwana a jiƙe. A shanya shi a rana a kan faifai, a lulluɓe da yankin gidan sauro saboda ƙudaje, har ya tsane ya yi duhu.

Da safe a soya shi a mai kaɗan har gefensa ya yi ja. Shinkafar da ta kwana ta fi soyuwa, domin ba ta caɓewa. A yanka tumatir a gefe.