Kurakuran da muke yi da asfirin, da yadda za a gyara

Da sassafe a tashar Kawo na ga wani ɗan dako ya yage takardar garin maganin ciwon jiki, ya zazzage a baki, ya bi da ruwan leda. Ko shayi bai kurɓa ba. Na ce, "Malam, ka karya kuwa?" Ya ce, "Yallaɓai, sai na samu na karin tukuna." Tausayinsa ya kama ni, don irin wannan gari, kamar Alabukun, asfirin ne da kafeyin a ciki, kuma ciki wayam shi ne wurin da asfirin ya fi yin ɓarna.

Asalin maganin ɓawon bishiya ne. Tun zamanin da ake jiƙa ɓawon wilo, wani itace mai tsirowa a bakin ruwa, don zazzaɓi, har a 1763 wani limamin coci a Ingila, Edward Stone, ya rubuta wa masana irin amfanin da ya gani. Da aka tace sinadarin da ke aikin, wato salisilik asid, sai ga shi yana ƙona ciki. A 1897 Felix Hoffmann na kamfanin Bayer a Jamus ya liƙa masa wani ɗan ɓangare mai suna asetil, aka fitar da shi kasuwa da sunan Aspirin a 1899. Sai 1971 John Vane ya gano yadda yake aiki, binciken da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1982: yana toshe sinadarin COX, wanda jiki ke amfani da shi wajen ƙera furostagilandin, masu kawo zogi da kumburi da zazzaɓi.

To, a nan gizo ke saƙa. Waɗannan furostagilandin ɗin su ne kuma ke sa ciki ya fitar da majinar da ke kare bangonsa daga ruwan tsaminsa. Ka kashe zogi, ka kuma yaye wa cikinka garkuwa. Don haka a sha bayan an ci abinci, da cikakken kofin ruwa. Mai gyambon ciki kuwa ya bar shi kwata-kwata. Wanda ya ga bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, ko yana amai da jini, asibiti zai nufa a ranar, ba kemis ba.

Haɗin kemis ya fi komai tayar mini da hankali. Mutum zai ce a haɗa masa na ɗari biyu, a ƙulla masa ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda ba suna. Sau da yawa akwai ibufurofen ko diklofenak a ciki, ya koma gida ya ɗora asfirin a kai. Duk ƴan gida ɗaya ne, ƙofa ɗaya suke toshewa, sauƙin bai ƙaru sosai ba amma haɗarin ciki da ƙoda ya ƙaru. Ka tambayi sunan kowace ƙwaya, haƙƙinka ne, kuma kada ka haɗa biyu daga wannan dangi.

Yaro ƙasa da shekara 16 ba a ba shi asfirin sai da umarnin likita. Idan mura ko ƙaranbau ne ya kawo zazzaɓin, yana iya jawo ciwon Reye, mai taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Farasitamol daidai nauyin yaron shi ne madadin, a kuma yi gwajin maleriya.

Akwai kuma ƙaramin asfirin ɗin nan mai miligiram 75 da dattawa ke kira maganin tsinka jini. Wata gwaggona a Tudun Wada ta fara sha saboda maƙwabciyarta na sha. "Ai na hawan jini ne, ɗan nan," in ji ta. Na ce, "Gwaggo, ba ya sauke hawan jini." Abin da yake yi shi ne hana ƙananan ƙwayoyin cikin jini masu daskarar da shi mannewa, kuma wadda ya taɓa ba ta farfaɗowa sai jiki ya yi sababbi, kwana 7 zuwa 10. Likita kan rubuta shi ga wanda ya yi bugun zuciya ko wani nau'in shanyewar ɓarin jiki, har da wasu masu juna biyu. Wanda aka rubuta wa kada ya daina da kansa, wanda ba a rubuta wa ba kada ya ara. Kafin cire haƙori ko tiyata, a faɗa wa likita ana sha.

Ajiya ma ana sakaci da ita. Damunar Kaduna akwai laima, laima kuwa tana warware ɗinkin da Hoffmann ya yi: asfirin ya rabe ya koma salisilik asid da asetik asid, wato tsamin ruwan khal. Da na buɗe gwangwanin da Gwaggo ke tara magungunanta a kan taga, warin tsamin nan ne ya fara dukan hancina. Muka zubar da su a ranar, ta yarda in kai ta a auna jininta ran Litinin.