Yadda nake mayar da rikodin waya na GSM zuwa AIFF ko SD2 ta intanet

Kwanakin baya aka turo mini hirar minti 20 da aka yi da wani dattijo ta waya, ana so in gyara ta in saka a cikin wani shiri. Fayil ɗin ya zo da wutsiyar .gsm a ƙarshen sunansa, nauyinsa bai cika megabayit 2 ba. Tsohuwar kwamfutar Mac da muke haɗa sauti a kanta ta ƙi buɗe shi sam. Ita AIFF ta sani, tsarin ajiye sauti da kamfanin Apple ya fitar a 1988, sai kuma Sound Designer II na kamfanin Digidesign, wanda muke kira SD2. Dole na juya shi zuwa ɗaya daga cikinsu, kuma ga yadda nake yi.

Kafin ka taɓa komai, ka san abin da ke hannunka. Tsarin GSM 06.10, wanda shi ne a cikin fayil ɗin .gsm, an ƙirƙire shi ne don maganar waya kawai. Yana ɗaukar sauti sau 8,000 a daƙiƙa, ya yayyanka shi gutsi-gutsi, gutsure 50 a kowace daƙiƙa, ya matse kowane gutsure zuwa bayit 33. Duk abin da bai zama dole don a gane magana ba, ya zubar. Shi ya sa muryar waya take fitowa kamar daga cikin gwangwani, "s" da "f" suna neman zama abu ɗaya. Haka abin yake ga .amr da tsofaffin wayoyin salula da yawa suke naɗa murya da shi. Abin da aka zubar ya tafi ke nan. Juyawa zuwa AIFF sauya wa sautin mazubi ne kurum, muryar da ta shiga ita za ta fito. Na sha ganin mutum ya zaɓi saiti mafi girma yana fatan muryar ta washe, ya ƙare da ƙaton fayil da sautin nan dai na waya.

Abu na farko, kwafi fayil ɗin asali ka ajiye a wani wuri daban, kada ka yi aiki a kansa.

Na biyu, kafin ka ɗora shi a shafin juya sauti, ka tambayi kanka maganar wa ke ciki. Da zarar ka ɗora, fayil ɗin ya sauka a kwamfutar wasu. Ni nakan karanta abin da shafin ya rubuta game da lokacin da yake goge fayiloli, in kuwa bai ce komai ba, sai in nemi wani. Idan hirar ta shafi sirrin mutum, rashin lafiyarsa ko shari'a, ba na kai ta intanet ko kaɗan. Manhajojin SoX da FFmpeg kyauta ne, kuma suna juya GSM zuwa AIFF a kan kwamfutarka.

Idan babu matsalar sirri, sai ka ɗora, ka zaɓi AIFF, ka buɗe wurin saiti. A nan aikin yake. Yawan ɗaukar sauti ya zama daidai da na aikin da za ka saka hirar a ciki: sau 44,100 a daƙiƙa idan na faifan CD ne, 48,000 idan da bidiyo zai tafi. Zurfin sauti, wato yawan bayanan da ake ajiyewa a kowace ɗauka, bit 16 ya wadatar, sai dai idan aikin gaba ɗaya a kan 24 yake. Layi kuma ka bar shi guda ɗaya, wato mono, domin waya ba ta da dama da hagu. In ka zaɓi sitiriyo, abu ɗaya za ka samu sau biyu. Hirar tawa ta minti 20 ta koma kusan megabayit 106 a mono, a sitiriyo da ta haura 200. Idan shafin ya ba ka zaɓin ƙara ƙarfin murya ko rage hayaniya, ka kashe su. Wannan gyaran na ɗakin haɗa sauti ne, inda kunnenka ke jin abin da kake yi. Kada kuma ka bi ta MP3 a hanya, matsi a kan matsi yana ƙara dagula muryar.

Game da SD2, akwai abin da ya taɓa ci mini yini guda. Wannan tsarin yana ajiye sautin a gefe ɗaya, bayanansa kuma, irin su yawan ɗauka da zurfi, a wani sashe na musamman da tsarin fayilolin Mac ne ya san da shi. Idan fayil ɗin ya ratsa ta Windows, ko imel, ko saukewa daga intanet, sashen nan yakan salwanta. Na sauke nawa, na buɗe, manhajar ta ce ba ta gane shi ba. Tun daga ranar, AIFF nake saukewa, domin shi bayanansa a jikinsa suke. In lallai SD2 ake bukata, sai in juya a kan ita kanta Mac ɗin.

Bayan ka sauke, duba tsawon lokaci tun kafin ka saurara. Minti 20 ya kamata ya fito minti 20. Idan ka ga bai kai minti 4 ba, muryar kuma ta zama siririya tana gudu, an karanta sautin 8,000 a matsayin 44,100 ba tare da an juya shi ba, sai ka sake. Idan "shhh" kawai kake ji, ko shafin ya ƙi karɓa, ka tuna fayil ɗin .gsm zalla ba shi da kan bayani da ke gabatar da shi, wutsiyar sunansa ce ke nuna ko mene ne, don haka ka tabbatar ba a canza ta ba. Akwai kuma fayilolin da sunansu .wav ne amma cikinsu GSM, kamar yadda wasu na'urorin saƙon murya ke ajiyewa. Su ma sai an juya su tukuna tsohuwar manhaja ta karɓa.

Daga nan nakan sa abin ji a kunne in saurari farko, tsakiya da ƙarshe, ina kwatantawa da na asali. A hirar dattijon nan, daƙiƙoƙin ƙarshe na fi sa wa kunne, inda ya sassauta murya yana sallama, domin in tabbatar ba a datse masa kalma ko ɗaya ba.