Yadda Za Ka Nemi Tallafin Koyarwa na GrubStreet

GrubStreet cibiyar koyar da rubutu ce a birnin Boston na Amurka, an kafa ta a 1997. Tana da tallafi na musamman ga marubuta baƙar fata masu son koyarwa: ana biyan su kuɗi, su koyar da aji, a kuma haɗa su da gogaggun marubuta.

1. Shiga shafin cibiyar ka karanta sharuɗɗan bana, musamman ranar rufewa da batun wurin zama da izinin aiki a Amurka. Kada ka dogara da sanarwar bara.

2. Zaɓi rubutunka mafi ƙarfi, da Ingilishi, ka tace shi.

3. Tsara darasin da za ka koyar. Iya rubutu daban, iya koyar da shi daban. Faɗi abin da ɗalibai za su karanta, da atisayen da za ka ba su kowane mako. Ko karatun yara ka taɓa koyarwa a unguwa, ambace shi.

4. Ba wani ya duba maka kurakurai, sannan ka tura tun kafin ranar ƙarshe.