Matakan duba taya da kaya kafin kamiyo ya bar Maraɗi

Tayar babbar mota idan ta kwance a guje, ba ta da burki. Duk wanda ta tarar a bakin hanya, sai dai addu'a.

Da fari, zagaya motar ka duba notocin kowace taya. Jan tsatsa da ya zubo daga ƙarƙashin noti, ko ƙarfe mai ƙyalli a gefen rami, alama ce notin yana wasa. Idan ramin ya yi faɗi, ɗauri ba ya gyara shi, sai canza rim, wato ƙarfen da ake sa tayar a kai.

Wajen ɗauri, goge ƙasa da tsatsa tukuna, don su ne ke marmashewa su bar gibi. Ka ɗaura noti ɗaya, sannan wanda ke fuskantarsa ta ɗaya ɓangaren, ba bi da bi ba. Kada karen mota ya hau sifana yana tsalle, ƙarfen da notin ke hawa miƙewa yake yi ya karye.

Bayan canjin taya, sake ɗaurewa cikin kilomita 50 zuwa 100. Mai zuwa Ƙonni ya tsaya Gidan Rumji. Kusanto hannu tsakiyar taya: zafi mai tsanani matsalar boris ce ko burki.

Buhuna masu nauyi a ƙasa, ja tamfol, kuma ƙara jan igiya idan ka tsaya sake ɗaurin taya, don kaya suna zama bayan girgiza.