Kurakuran da aka fi yi idan wutar gida ta fara ƙyaftawa

Da ƙwan lantarki ya fara ƙyaftawa, maganar kowa ɗaya ce: yau wutar ba ƙarfi. Wani lokaci haka ne. Amma leƙa gidan maƙwabcin da kuke kan layin wuta ɗaya tukuna. In nasa ƙwan na tsaye cak, matsalar daga falwaya zuwa cikin gidanka take. In kuwa ƙwai ɗaya ne tak ke rawa, duba mazauninsa ko makunninsa, kada ka tayar da hankalin gida.

Kuskuren da ya fi cin dukiya shi ne rashin gane cewa wayar nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, ta saki. A gidan da aka jawo wa layi uku, tsakanin kowane layi da nutural bolt 230 ne, tsakanin layi da layi kuma kusan 400. Nutural ɗin ce ke riƙe kowa a matsayinsa. Da ta yi sako-sako, layin da aka lafta wa kaya sai ya faɗi, wanda ba kaya a kansa ya haura. Shi ya sa za ka ga ƙwan falo ya yi fari tas kamar rana, na kicin kuwa ya koma ja kamar aci-balbal.

Na taɓa ganin haka a wani gida a Tudun Wada. Firji na tashi, fankar ɗaki sai ta ƙara gudu. Maigidan har murna yake, wai wuta ta cika, alhali talabijin da caja biyu sun riga sun tafi. Da muka kashe wuta muka buɗe akwatin wutar gidan, kusar da ke riƙe nutural ta yi baƙi ƙirin, robar wayar ta narke, ga ƙauri. An murɗe wayar alminiyom da ta tagulla wuri guda, mahaɗin ya yi farin gari. Ƙarafan nan biyu ba sa zaman lafiya tare, musamman da damina, sai an sa musu mahaɗin da aka ƙera don haka. In ka ga wannan alama ta haske a nan, duhu a can, kashe babban makunni nan take, sannan ka kira mai wayarin.

Shi ma mai gyaran, in testa kaɗai ya zo da ita, bai fara aiki ba. Testa wuta kawai take nunawa, ba ta faɗin ƙarfinta. Mita mai auna ƙarfin wuta ake sawa, a auna kowane layi, kuma a auna lokacin da kaya ke kunne. Mahaɗi mai sako-sako kan nuna 230 lafiya lau in komai na kashe, sai an kunna dutsen guga asirinsa ke tonuwa.

Sitabilaiza kuma rufa-rufa ce a nan, mahaɗin na can yana ci gaba da zafi.

Sai ɗabi'armu ta canza layi. Layi mai jan waya ya yi ƙasa, kowa a unguwa ya koma mai shuɗi, kafin magariba shuɗin ma ya durƙushe. A cikin gida ma haka: na'urar sanyaya ɗaki, hita da injin burtsatse duk a layi ɗaya. A raba su uku. In an yi duk wannan, kuma ka ga gidajen maƙwabta ma wasu sun yi haske fiye da kima wasu sun dushe, to nutural ɗin falwaya ce ko ta taransifoma. Wannan a kai rahoto ofishin Kaduna Electric, kada a ba wani yaro ɗari biyar ya hau da filaya.